Igiya a Ƙeya

Hawa na uku, kasuwar Yongsan,
ruwa na dukan rufi tun hantsi,
ni da kuɗin wata biyar a aljihun ciki,
ladan wankin kwanuka a gidan miyar ƙashi
inda tururi ya cinye mini zanen yatsu.

Tsoho Byeon, mai shago,
ya jera tabarau uku a kan kanta
kamar kawunan kifi da asuba.

Na farko fari ne, sakayau, babu igiya.
"Sa ka tafi," in ji shi, "yara ma sun iya."
Na sa. Ga ni a bakin wani kwazazzabo,
babu iska a shagon, amma gwiwata ta ji iska.
Na ce, in ina so in buɗe cikinsa fa,
in taɓa fayil, in sauya abin da na tarar?
Ya yi tsaki.
"Gidan haya ne. Kwana ka tashi,
kada ka buga ƙusa a bango."

Na biyu kuɗinsa ya fi ni tsawo.
Ko kallon ma da ladabi na yi.

Na uku baƙi, ya sha hannu,
soson goshinsa ya lotsa da zufan wani,
igiya mita biyar daga ƙeya zuwa kwamfuta,
akuya a turke.
Nauyinsa kuwa, wuyana ya kawo ƙara
kafin minti goma.
Tsohon ya murza wata 'yar ƙusa a ƙasa
har gilasan suka yi daidai da tazarar idanuna.
"Sittin da huɗu. Rubuta.
In ka manta, jiri ya kwashe ka,
ka mayar da abincin rana."

Ban gaya masa ba tukuna.
Akwai wasan su da nake yi tun bara,
jiragensa duk sababbi, fenti na ƙyalli.
Wata shida ina sassaƙa na babana a ciki,
dare bayan dare:
kore, tsatsa a hanci,
tayoyi uku rataye a haƙarƙari,
butar shayi marar murfi.
An sayar da shi a Mokpo ina da shekara tara,
shekarar da bashi ya kai mana wuya.
A allo bai wuce tafin hannu ba.
So nake in tsaya a kansa.

Na miƙa masa filashi. Ya dube ni, ya soka.

Kai!
Ruwa na ɓullowa ta tsakiyar katako,
igiyar anga ta ratsa cikin buta ta wuce,
shamuwar teku ɗaya ta daskare a sama.
Duk laifina ne, na san layin da na ɓata.
Amma sitiyarin yana sama da kaina.
Na ɗaga hannu, sai da na yi ɗage.
Takalmin robar babana a bakin ƙofa
ya kai mini cinya.

"Ma'auni ka kuskure," muryarsa daga wata duniya,
yana kallo a allo.
"Rage kashi talatin, komai ya dawo daidai."

Na yi shiru.
Da idon ɗan shekara tara na auna,
ban sani ba sai yau.

Na tuɓe. Shagon ya yi ƙanƙane, ya yi haske.
Muka ja ciniki, ya rage kaɗan,
ya ɗora mini sabon soso kyauta,
ya ce in ɗaure igiyar a silin
kada ta harɗe ni in fasa haƙori.

A jirgin ƙasa kwalin na kan gwiwata.
Wata mata tana satar kallon
jan zoben da ya kewaye mini fuska.
Ina lissafi:
yau zan toshe ruwan,
gobe in saki tsuntsun ya tashi.
Sitiyarin dai yana nan inda yake.